Saura mako bakwai a rufe karɓar furojet: in biya a rubuta mini ko in lallaɓa da kaina?

Sani Mile 12:

Assalamu alaikum. Na jima ina karanta abin da ake tattaunawa a zauren nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin da ke damuna ya hana ni barci.

Ina shekarar ƙarshe a fannin kasuwanci a wata makaranta a nan Legas, cikin masu karatun ƙarshen mako. Sauran kwanakin ina kasuwar Mile 12 wurin kawuna, tumatir da tattasai muke sayarwa. Ƙarfe huɗu na asuba nake barin ɗaki a Ketu, domin in mota ta iso daga Arewa ba a jiran gari ya waye, 'yan dako na saukewa mu muna ƙirga kwando. Kafin in koma ɗaki an yi isha'i. In na buɗe littafi, layi uku nake karantawa barci ya kwashe ni.

Ni na zaɓi maudu'in furojet ɗina, wato kundin binciken kammala karatu, da kaina: asarar da 'yan tumatir ke yi a hanya, daga Kwanar Gafan ta Kano zuwa Mile 12. Malamin da ke duba aikina ya amince nan take, har ya ce ba a cika kawo masa irinsa ba. Babi na ɗaya ya wuce bayan gyara ɗaya. Babi na biyu, inda ake bitar abin da masana suka rubuta a baya, shi ne ya tsaya mini a wuya. Sau biyu yana dawo mini da shi. Na ƙarshen shafi goma sha huɗu ne, babu shafin da jan biro bai taɓa ba. A saman shafin farko ya rubuta cewa jero maganganun mutane kawai na yi, ban nuna abin da ya haɗa su ba. Na zauna a kan benci a bakin ofishinsa ina kallon takardar, wallahi hawaye ne kawai bai zubo ba. A ƙauye na yi firamare da sakandare. Abu yana kaina sarai da Hausa, in na zo sa shi a takarda da Turanci sai ya watse mini.

Shekaranjiya wani ɗan ajinmu ya kai ni wani shagon buga takardu. Mai shagon ya ce naira dubu 120, babi na ɗaya zuwa na biyar, cikin kwana goma. Takardun tambayoyi ma ba sai na raba ba, su za su cike guda 200 su fitar da jadawali. Ya ce in an sa a Turnitin, manhajar gano kwafi, ba zai haura abin da makaranta ta yarda da shi ba, in ya haura gyara kyauta ne. Ya jawo wani kwali ya nuna mini ayyukan da ya ɗaure, baƙin bango da rubutun ruwan zinare. Na ba shi dubu 20 kafin alƙalami, na ce sauran sai ƙarshen wata.

Tun ranar ban sami natsuwa ba. Kawu ne ke biyan kuɗin makarantar nan tun daga farko, kuma duk wanda ya zo rumfarmu sai ya gaya masa Sani yana rubuta littafi a kan tumatir. Amma in na makara, shekara ce za ta ƙaru, da wani sabon kuɗi a kansa.

Don Allah waɗanda suka bi ta wannan hanya ku gaya mini gaskiya. Mai aiki irin nawa zai iya gamawa a mako bakwai? Ko in rufe ido in cika kuɗin, in ya so in zauna in haddace abin da aka rubuta?

Maman Khalifa, Agege:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ni na biya, don haka ba labari aka ba ni ba.

Lokacin ina da goyo, Khalifa yana wata biyar, ina sayar da atamfa da leshi a gida. Aikina a kan yadda mata masu ƙananan sana'o'i a Agege ke samun jari ne. Na ba wani dubu 70. Ya kawo aiki tsaf, Turanci kamar ruwa. Na haddace babi na ɗaya da na biyar yadda muke hadda a Islamiyya, har maigida yana riƙe takarda ina karanto masa.

Ranar kare aiki malamai uku ne a tebur. Ɗaya mace ce mai gilashi, daga wata makaranta aka gayyato ta. Ba ta tambaye ni ko abu ɗaya cikin abin da na haddace ba. Babi na huɗu ta buɗe, ta ɗora yatsa a kan wani jadawali ta ce, a nan kin ce yawancin matan daga banki suke samun jari, a wace unguwa kika same su? Na ce Zango. Ta ɗago ta dube ni ta ce, to cikinsu nawa ne ke yin ajo? Wato adashi.

Ƙanina, ni da nake zubi biyu a lokacin, ni da na san kusan duk matar da ke layinmu da kwasar adashi ta fara sana'a, babu kalmar adashi ko sau ɗaya a aikin da sunana ke bangonsa. Wanda ya rubuta bai taɓa taka zauren gidan Bahaushiya ba. Na tsaya bakina ya bushe ƙarau. Matar ba ta ɗaga murya ba, rufe aikin ta yi ta turo mini shi a hankali. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Allah ya rufa asiri ba a kore ni ba, amma an soke aikin, na ƙara shekara, na sake biyan kuɗin makaranta. Da na kira mutumin sai ya ce shi rubutu aka biya shi, karewa tawa ce. Na biyun da kaina na yi. Da Khalifa a bayana na bi gida 45, wasu su ba ni tabarma da ruwa, wasu su ce ko gwamnati ce ta aiko ni. Maki na tsaka-tsaki na samu, kuma malamin ya sha wahalar Turancina, amma duk tambayar da aka jefo na amsa, don na san fuskar kowace mata da ke cikin jadawalin.

Dubu ashirin ɗin nan, in ya dawo maka da ita alhamdu lillahi, in ya hana ka bar masa.

Ɗan Alaba Rago:

Ni zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malami ɗaya a jibga masa ɗalibai talatin. Ka bar kasuwa, ka sha cunkoso awa biyu a cikin danfo, ka tarar ofis a kulle, waya ba a ɗauka. Darasin hanyoyin bincike zango ɗaya aka yi mana, a aji maƙil da mutane, babu wanda ya taɓa sa mu rubuta shafi biyu ya zauna ya gyara mana. Sai shekarar ƙarshe a ce kawo shafi sittin. Daga ina?

Sannan ayyukan nan ina suke ƙarewa? A sito, ƙura da gara su ci rabonsu. Na san mutane da dama a ajinmu da suka biya, suka wuce lafiya, suka yi bautar ƙasa, yau suna aiki. Ban ce daidai ba ne. Ni ban biya ba, amma gaskiya rashin kuɗin ne ya hana ni a lokacin, ba wai na fi kowa tsoron Allah ba. Abin da ya sami Maman Khalifa, wanda ta ba aikin ne bai san aikinsa ba. Mutumin da ke fita ƙarfe huɗu na asuba ya dawo bayan isha'i, ban ga ta inda mako bakwai zai ishe shi ba. In har za ka biya Sani, ka zauna da mai rubutun ka ba shi bayanan kasuwar da bakinka.

Malam Idris, Idi-Araba:

Ina koyarwa a wata kwaleji a nan Legas, ina kuma duba furojet duk shekara, don haka maganar Ɗan Alaba Rago ta taɓa ni. Rabinta gaskiya ce. Muna da laifi, ba ma koyar da rubutu sai mu zo muna neman sa. Amma shawararsa ta ƙarshe ban yarda da ita ba. In Sani zai iya zama ya ba wani bayanan kasuwa da bakinsa, to ya riga ya yi aikin mafi wuya, sa shi a takarda ne ya rage.

Sani, alƙawarin Turnitin ɗin nan kada ya ruɗe ka. Abin da manhajar take yi shi ne ta gwada rubutunka da abin da ke rumbunta: shafukan intanet, mujallun bincike, da ayyukan ɗalibai da aka taɓa sawa. Ba ta san wanda ya rubuta ba. Masu shago juya kalmomi suke yi don lambar ta sauka. Na taɓa ganin aiki ɗaya a hannun ɗalibai biyu, sunan gari kawai aka canza, a wani shafin ma an manta ba a canza ba. Kuma abin da ake yi a asirce a shagunan nan wasu ƙasashe sun mai da shi laifi a doka: Ostareliya a 2020, Ingila a 2022, duk sun haramta sana'ar rubuta wa ɗalibai aiki don kuɗi. Aikin digiri ba ya mutuwa. A Jamus ministan tsaro, Guttenberg, ya sauka a 2011 bayan an gano ya kwafi aikin wasu a kundin digirinsa na uku. Ministar ilimi, Annette Schavan, a 1980 ta rubuta nata, a 2013 jami'a ta janye digirin, ita ma ta sauka. Shekara 33.

Amma ba kamu ne ya fi damuna ba. Takardun tambayoyi 200 ɗin nan da wani zai zauna a shago ya cike da biro kala uku su ne. Hausawa sun fi shekara ɗari suna kasuwanci a Ikko, wato Legas, kuma yawancin abin da aka rubuta a kanmu waɗanda ba sa jin Hausa ne suka rubuta, daga bakin ƙofa. Ga ka a tsakiyar kasuwa, dillalai sun san kawunka, direbobi suna shan shayi da kai. A ce kai ma ƙagaggun lambobi za ka miƙa a kan tumatir? Wannan ya yi mini ciwo.

Ga yadda za ka fita daga babi na biyu. Shiga Google Scholar, shafin neman binciken masana, ka nemo rubuce-rubuce goma sha biyu zuwa sha biyar a kan asarar tumatir bayan girbi a Najeriya. Ba sai ka karanta su daga bango zuwa bango ba, fara da taƙaitawar farko da sakamakon. Kowanne ka ɗauki ƙaramar takarda ka rubuta abu uku da Hausa: a ina aka yi binciken, me aka gano, me bai duba ba. Sai ka baje su a kan tabarma ka kasa su kashi-kashi yadda kake ware tumatir: masu maganar hanya da mota, masu maganar kwando da akwatin roba, masu maganar farashi, masu maganar ƙwari irin tsutsar sharon da ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016. Kowane kashi sashe ɗaya ne a babin. A ƙarshen kowane sashe ka faɗi inda suka yarda da juna, inda suka saɓa, da abin da kai kake gani a kasuwa wanda ba su ambata ba. Abin da malaminka yake nema ke nan.

Turanci kuma, ka fara faɗin abin da Hausa, ka naɗi muryarka a waya in kana cikin mota, da dare ka mai da shi gajerun jimloli. Ba ma ba da maki don manyan kalmomi.

Adadin mutanen da za ka tambaya, nemi yawan dilolin sashenku a wurin shugabannin kasuwa. Da lissafin Yamane da aka fi amfani da shi, in su 400 ne 200 za ka tambaya. In lokaci ba zai bari ba, gaya wa malaminka gaskiya ku daidaita, mutum 60 na gaske sun fi 200 na ƙarya. Kaso cikin ɗari da jadawali, Excel ya isa, sai in an ce lallai sai manhajar lissafi ta SPSS.

Ba kowane taimako ne haramun ba. Ka biya a buga maka a kwamfuta, wani ya duba maka nahawu, wani ya koya maka lissafi, duk babu laifi, ka gode musu a shafin godiya. ChatGPT kuma ka yi hattara, yana ƙirƙiro sunayen marubuta da mujallun da babu su. Duk abin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba kada ka sa shi. Turo mini babin ta akwatin saƙon zauren nan, zan karanta in nuna maka, amma ba zan rubuta maka ko layi ɗaya ba.

Alhaji Mai Albasa:

Ɗana ne yake rubuta mini, ni ban yi boko ba. Na fi shekara talatin a kasuwar nan.

Yaro, mu 'yan kasuwa akwai hadisin da aka fi ja mana kunne da shi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce mai sayar da hatsi, ya sa hannu a cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama. Ya ce me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Kai ka san kwandon da aka yi wa fuska, manya a sama ruɓaɓɓu a ƙasa, ka kuma san ba a sake sayen kayan mai shi.

A farkon 2021, da aka tsayar da kawo abinci Kudu bayan rikicin Shasha ta Ibadan, kowa ya ga abin da kayan gwari suke a garin nan. Amma in an tambaye mu nawa muke asara a hanya, kowa abin da ya zo bakinsa yake faɗi, ba mu da shi a rubuce. Ina da littattafan lissafi na shekara shida, yarona ke rubutawa, kowace mota da ranar da ta taso da ranar da ta iso. Na albasa ne, amma hanyar ɗaya ce. Ka tambayi layin 'yan albasa bayan azahar, ka zo ka duba.

Sani Mile 12:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ku yi haƙuri da shiruna na kwana tara, ga abin da ya faru.

Washegarin da na karanta amsoshinku na koma shagon, zuciyata biyu. Na ce ya nuna mini abin da ya fara. Ya juyo mini da kwamfuta, shafi shida. Turancin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma a shafi na biyu an rubuta cewa cire tallafin fetur a Mayun 2023 shi ne ya ninka kuɗin man da manyan motocin tumatir ke sha. Yaya Maman Khalifa, nan take ke na tuna. Tirela ai ba fetur take sha ba, gas take sha, kuma gas babu tallafi a kansa tun shekaru kafin nan. Tun 2022 direbobi suke kuka da tsadarsa. Cire tallafin ya taɓa mu, amma ta wajen ƙananan motoci masu kwasa daga gona da masu rarrabawa cikin gari. Duk yaron mota a Mile 12 ya san wannan. A shafi na huɗu kuma da kilo ake ta lissafi, mu da kwando muke ciniki. Na ce masa na fasa. Mun yi ja-in-ja, ya dawo mini da dubu 10.

Na gaya wa Kawu komai a daren. Ya yi shiru ya jima, sannan ya ce daga yau in an gama sauke kaya ƙarfe goma in tafi, ƙanina zai riƙe rumfa har in gama. Bai ƙara ko kalma a kan kuɗin ba.

Na sayi littafi mai bangon kwali ina sa shi a aljihun riga. Ranar Talata wata mota ta iso da kwando 310, ta lalace bayan Mokwa ta kwana biyu kafin ta tsallaka Jebba. Na tsaya a gindinta har aka sauke na ƙarshe. Layin sama lafiya lau. Ana zuwa na ƙasa ruwa na ɗiga ta tsakanin katako, kwandunan sun lotse sun shige cikin juna, in ɗan dako ya ɗaga sai jan ruwa ya bi masa wuya har cikin riga. Kwando 47 aka ware gefe, wanda Yarabawa ke kira esha, masu abincin sayarwa suka kwashe a ƙasa da rabin kuɗi. Shekara biyar ina ganin wannan, ban taɓa ƙirgawa ba sai ranar. Zuwa yau na rubuta mota goma sha ɗaya, na zanta da dila 23 da direba 6. Biyu daga cikin motocin da akwatin roba aka yi lodi, na ware su daban don in gwada.

Malam Idris, na yi kashin takardun a kan tabarma yadda ka ce, kashi huɗu suka fita. Malamina ya karɓi babi na biyu ranar Asabar, jan biron bai wuce wuri tara ba, ya ce in ci gaba. Baba Alhaji, na zo layinku ranar Alhamis aka ce ka tafi jana'iza Agege, ina nan tafe gobe in sha Allahu.

Ɗan Alaba Rago, lokacin dai har yanzu ya matse, babi uku ne a gabana.

Tambayata yanzu: dilolin da yawa sun ce kada in sa sunansu, suna tsoron masu haraji. Kuma duk da Hausa muka yi hirar. Yaya zan sa maganarsu a babi na huɗu?

Malam Idris, Idi-Araba:

Madalla. Ba kowa lamba: Dila na 1, Dila na 2, Direba na 1. Jerin sunayen ka ajiye a wurinka, kada ya shiga aikin. A babi na uku ka faɗi cewa da Hausa aka yi hirar, kai ka fassara, kuma an sakaya sunaye bisa buƙatarsu. In maganar wani ta yi nauyi, kawo ta da Hausa yadda ya faɗa, fassarar a ƙarƙashinta. Motocin akwatin roba biyu sun yi kaɗan a yanke hukunci da su, ka nemi ƙarin ko uku kafin kakar rani ta wuce. Kuma ka riƙa rubuta kwana nawa kowace mota ta yi a hanya, za ka buƙace shi a jadawali. Turo mini babi na uku kafin Juma'a.